Yadda Za Ka Ɓoye Wa Mahaifiyarka Cewa Kamfani Ya Yaye Wayarta

Wannan darasi na masu cika baki ne, kuma ina ba ka tabbacin yana aiki. Idan ka bi shi daki-daki, mahaifiyarka ba za ta taɓa sanin cewa kamfanin da ya ƙera wayarta ya zare hannunsa daga kanta ba, ƙannenka ba za su samu abin dariya ba, sunanka na masanin waya kuma zai zauna daram a cikin dangi. Ba a takarda na karanto ba. A gaban idona aka gwada hanyar, wanda ya gwada ta kuwa maƙwabcin shagona ne, mai sayar da tayil, wanda kowa ke kira Injiniya. Bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Sau ɗaya dai ya juya batirin rimot, talabijin ɗin gidansu ta kama, tun daga ranar sunan ya bi shi, shi kuma bai taɓa musawa ba.

Ga yadda maganar take. A gidansu Injiniya waya ba ta mutuwa, gangarawa take yi. Shi ne babba, shi ke sayen sabuwa. In ya gaji da ita ya miƙa wa matarsa, tata ta koma hannun ƙanensa direba, ta direba kuwa, bayan ta sha rana a gaban mota ta sha faɗuwa, sai a goge ta da hannun riga, a saya mata sabon murfi, a kai wa Inna cikin ladabi. Inna ce ƙarshen layi. Duk wayar da ta iso hannunta ta riga ta ga duniya.

Lokacin da aiki zai ɗauke Auta, ƙanwarsu ma'aikaciyar jinya, ita da mijinta zuwa wata ƙasa mai nisa, ta so ta saya wa Inna sabuwa fil. Injiniya ya miƙe a tsakiyar falo, a gaban kowa, ya ɗaga tsohuwar sama. “Kada ki ɓata kuɗinki,” in ji shi. “Wannan ƙarfe ce. Ni na zaɓe ta da hannuna. Wallahi a cikinta Inna za ta ga 'ya'yanki.”

To yanzu ga Auta da cikin fari, ya tsufa, ana sa rai wajen ƙarshen wata. Kullum da safe ita da Inna suna kiran bidiyo, Inna tana duba mata kumburin ƙafa ta cikin gilashi tana yi mata faɗa a kan yawan tsayuwa. Wannan kiran shi ne abincin safen Inna na gaske. Sai ga wani ɗan rubutu ya fara fitowa a fuskar wayar. Daga nan darasinmu ya soma.

Mataki na 1: Karanta sanarwar kai kaɗai, ka haɗiye ta

Za ta kira ka ta ce, “Babba, wani rubutu yana tare min fuskar Auta, zo ka cire shi.” Je ka. Durƙusa ka gaishe ta, karɓi wayar da hannu biyu, ka juya wajen taga kamar mai neman haske.

Abin da Injiniya ya gani shi ne: daga ƙarshen wannan wata, manhajar hira ba za ta ƙara aiki a wannan waya ba, domin tsarin wayar ya tsufa kuma ba a ƙara sabunta shi. A ƙasa akwai maɓalli biyu, ɗaya ya ce “Ƙarin bayani”, ɗaya ya ce “Sai anjima”.

Karanta sau biyu. Amma kada fuskarka ta nuna abin da ka gani. Danna “Sai anjima”, ka yi murmushi.

“Me suka ce?” in ji Inna.

“Gaisuwa ce, Inna. Kamfanin ne ke gaishe da tsofaffin kwastomominsa.”

“Allah sarki. Ka ce ina amsawa.”

Ka lura da kyawun wannan ƙarya: ba ta da nauyi, kuma akwai kalmar “tsofaffi” a cikinta, wadda gaskiya ce. Masana sun tabbatar cewa ƙaryar da aka ɗiga wa gaskiya kaɗan ta fi jure zafi.

Mataki na 2: Kira kamfanin, don zuciyarka ta shaida ka yi ƙoƙari

Kada ka tambayi mai gyaran waya na unguwarku, bakinsa ba ya rufuwa. Shiga can ƙuryar shago, bayan kwalayen tayil, ka kira lambar kamfanin. Za su sa maka kiɗa. Saurara, ai kyauta ne. Injiniya ya ji kiɗan nan har ya haddace shi, kwana biyu yana fito da shi ta hanci ba tare da ya sani ba.

Daga ƙarshe wata baiwar Allah mai murya kamar ta mai karanta labarai ta ɗauka. Ta gode masa da kasancewa cikin iyalin kamfanin. Ya ce madalla, to ɗaya daga cikin iyalin ne ba ta da lafiya. Ya faɗi samfurin wayar. Sai ya ji tana danne-danne, alamar ita kanta sai an tono mata.

“Ranka ya daɗe, wannan samfurin ya kammala wa'adin kulawarsa.”

“Amma tana aiki! Ko tsagewa babu, sai ɗan gefe.”

“Za ta ci gaba da kunnuwa, ranka ya daɗe. Sabuntawa ce kawai ba za mu ƙara aiko mata ba, da gyaran tsaro. Su kuma masu manhajoji, in suka ga mun tsaya, a hankali suke janyewa.”

“Ranar da na saya ba ku faɗa min haka ba.”

“Yana cikin sharuɗɗan da ka amince da su.”

Ya tuna sharuɗɗan. Wani dogon rubutu ne da ya shafa sama da babban yatsa yana hira da mai shago, ya danna “Na yarda”. Shi a lokacin kyamara ya duba, da girman gilashi, da yadda take sheƙi in ya ajiye ta a kan tebur a wurin taro. Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa waya ma ana yaye ta, a bar ta da rai da lafiya amma babu mai ƙara leƙo ta.

Kafin ta kashe za ta tambaye ka ko ka gamsu da hidimarsu. Ce mata eh. Ba ita ta yi rantsuwa a falo ba.

Mataki na 3: Kada ka sayi sabuwa

A nan masu ƙaramar zuciya ke faɗuwa. Matarka za ta ga kana juya cokali a abinci, ta matsa maka har ka faɗa mata, sannan ta kawo shawara mai sauƙi, irin wadda ke rusa namiji.

“To Baban yara, ka saya mata wata mana. Ko ka ba ta taka, ai ba a daɗe da ɓare ta daga kwali ba.”

Kada ka saurare ta. Yi mata bayani yadda Injiniya ya yi. Na farko, saya wa Inna sabuwa daidai yake da kiran Auta a ce mata ita ce ke da gaskiya, Auta kuwa ba ta mantuwa, har yau tana tuna masa ranar da ya ɓata da su a kasuwa suna yara. Na biyu, akwai tsari. Waya daga sama take gangarowa. In ta tsallake mutum biyu ta faɗa hannun Inna, direba zai ce an ci masa gado da ransa.

“Ni na yafe nawa layin,” in ji matar.

“Ba maganar yafiya ba ce. Maganar doka ce.”

“Wa ya kafa dokar?”

Idan aka zo nan, tashi ka ce ka ji kamar ana buga ƙofa.

Mataki na 4: Ka riga sanarwar tashi

Injiniya ya gano wani abu da ya ɗauka baiwa ce: rubutun sau ɗaya yake fitowa a yini, a buɗewar farko. Wanda ya riga danna “Sai anjima” ya kashe maganar sai gobe. Saboda haka aikinka shi ne ka zama mutum na farko da zai taɓa wayar kowace safiya.

Wannan yana nufin zuwa gidan Inna kullum. Na san abin da za ka ce. Shi ma Injiniya da can sai famfo ya fashe ko an ce jikinta ya motsa yake zuwa, in ya zo ma yana tsaye, makullin mota na kaɗawa a yatsa. Ba don ba ya son ta ba. Shago ne, da yara, da cunkoson hanya, da tunanin cewa Inna ai tana nan, ba inda za ta.

Yanzu kuwa gari na wayewa yana bakin ƙofarta. Dalilin da za ka bayar shi ne wayar tana bukatar ɗumi kafin ta fara aiki, kamar mota. Karɓe ta daga kan caja, juya baya, danna, miƙa mata. Aikin bai kai ƙiftawar ido ba. Matsalar ita ce ba a shiga ɗakin uwa a fita a ƙiftawar ido.

“Zauna mana, ruwan ya tafasa.”

Zauna. Za ta haɗa maka shayi a kofin nan mai guntulallen hannu da ka sha a ciki tun kana firamare, ta yanka burodi, ta zuba maka ido har ka cinye. Za ka ji labarin gwiwarta, da na ɓeran da ya raina tarko, da na mutanen da ka manta suna duniya. A mako na farko Injiniya yana sha yana duba agogo. A na biyu shi ya gyara ƙugiyar labulen da ta shekara a karkace, ba wanda ya sa shi. Ya lura hannunta yana ɗan rawa in ta ɗaga buta, abin da bai sani ba, kuma ya dame shi har ya kasa ba ni labarin sai daga baya.

Ƙarin dabara: tabarau. Ko da wata rana ta riga ka, kada ta iya karantawa. Injiniya ya ɗauke nata daga kan rediyo ya tura bayan gwangwanin madara a saman kabad. Ta yi cigiya sau ɗaya, ya taya ta nema har da leƙa ƙarƙashin gado, daga nan ba ta ƙara tayar da zancen ba. Ya ɗauki wannan shirun a matsayin nasara, kai ma haka za ka ɗauke shi.

Mataki na 5: Ɗora laifi a kan abin da ba ya iya kare kansa

Kafin wa'adin ya cika, wayar za ta fara nuna hali. Hoto zai tsaya, Auta ta daskare da baki a buɗe. Saƙon murya zai yi ta juyi bai tafi ba. Kada ka bari a kalli wayar. Nuna sama.

Sabis ne. In an ce na maƙwabta yana aiki, to hadari ne. In babu hadari, ginin da ake yi a bayan layi ne ya tare iska. Caja ma tana ɗaukar laifi sosai, kuma ba ta da dangi. Idan duk suka ƙare, akwai direba: ce shi ya jiƙa ta da gumi shekarun da ta yi a aljihunsa. Ba ya nan, yana kan hanya, kafin ya dawo an wuce wurin.

Mataki na 6: Ka yi hattara da ƙanwa

Uwa tana iya yi maka kawaici. Ƙanwa ba ta san wannan kalma ba. Da Auta ta ga kan Injiniya yana giftawa a bayan Inna kwana da kwanaki, sai ta ce a miƙa masa.

“Yaya, lafiya kuwa? Kullum kana gidan Inna. Ko Anti ce ta kore ka?”

“Ziyarar uwa ma sai an ba da dalili?”

“A wurinka dai, eh. Yaya wayar? Na ga tana yawan sandarewa.”

“Ƙarfe ce. Sabis ɗinku na can ne ba shi da kyau.”

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Sannan ta sassauta murya, ta matso da fuskarta kusa da gilashi. Idanunta sun faɗa, ya ga ba Autar da ke tsokanarsa ba ce kawai, yarinya ce a ƙasar mutane, ba uwa ba 'yar'uwa a kusa.

“Yaya, ni dai ranar nan ina so in ga fuskar Inna kafin a shiga da ni. Ba murya ba, fuska. Tsoro nake ji.”

“Za ki gan ta. Ni ne fa.”

Faɗi haka da ƙarfi, ka miƙa wayar, ka fita tsakar gida ka sha iska. Abin da za ka ji a ƙirjinka a lokacin sunansa kunya, kuma shayi ba ya wanke ta. Injiniya ya tsaya a wurin har ya kai hannu aljihu ya taɓa sabuwar wayarsa. Sai ya tuna falo, da hannunsa a sama, da “wallahi”. Ya zare hannun. Ya ce wa kansa haihuwar fari takan yi jinkiri, kafin nan zai san dabara.

Mataki na 7: Kada ka tambayi kowa abin da ya kawo shi

Za ka fara lura cewa ba kai kaɗai ke sammako a layin ba. Injiniya ya riƙa cin karo da ɗan Gwaggo Mai Ɗinki, aminiyar Inna ta gidan da ke kallon nasu, wani ma'aikacin banki da rabon a gan shi a unguwar tun ana gyaran kwalbati. Ga shi nan kullum da nakatayal ɗaure a wuya, yana fitowa daga ɗakin uwarsa yana share ɓurɓushin burodi. Can gaba kuma wani malamin makaranta, can kuma wani mai kemis. Layin da motar kirki ba ta shiga sai da dalili, yanzu da safe sai an yi ta ba juna hanya.

Ku gaisa a tsaitsaye. “An zo duba tsohuwa?” “Wallahi kuwa, ai wajibi ne.” Kowa ya shige motarsa. Injiniya har ya zo shago yana yaba zamani, wai 'ya'yan yanzu sun fara sanin darajar iyaye. Bai tambayi kansa daga ina iyayen layin suka samo wayoyinsu ba, kuma kai ma kada ka tambaya. Tunani yana ɓata wannan mataki.

Mataki na 8: Tanadi jawabin ranar ƙarshe

Wata zai ƙare, ba ya fasawa. Shirya abin da za ka ce: kamfani yana babban gyara na ƙasa baki ɗaya, kafin su gama ga tawa ki riƙa yin kiran da ita in na zo. Injiniya ya maimaita wannan jawabi a gaban madubi har ya fara yarda da shi.

Abin da bai shirya masa ba shi ne motar kaya. Ranar ɗaya ga wata, tun da sassafe, tirelar tayil ta iso ta tare titi, masu saukewa suna jira, ga kwali ɗaya ya fashe ana gardamar wa ya sake shi. Ya ce bari ya sallame su, yau ɗaya dai Inna ta jira. Yana cikin ƙirga kwalaye wayarsa ta yi ƙara. Mijin Auta ne.

“Yaya, muna asibiti tun ɗazu. Sun ce aiki za su yi mata, yanzu za a shiga da ita. Muna ta kiran Inna a bidiyo ba ya shiga. Na same ta a kiran layi, muryar dai ana ji, amma ita kuka take, ta ce fuska ka yi mata alkawari.”

Ban taɓa ganin mai tumbi ya yi irin wannan gudun ba. Ya bar shago a buɗe, ya bar tirela, ya bar motarsa da tirelar ta toshe, ya haye bayan babur ɗin wani da bai ma tsaya ciniki ba. A hanya babu jawabi ko ɗaya da ya rage a kansa. Addu'a kawai yake, Allah Ya sa kada a shiga da ita, Allah Ya sa kada girman kansa ya sa yarinyar nan ta rufe ido ba ta ga uwarta ba.

Ya faɗa ɗakin ko sallama bai ƙarasa ba. Inna tana bakin gado, tsohuwar wayar a kunne, Gwaggo Mai Ɗinki tana riƙe da ɗaya hannun nata. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Hannu kawai ta miƙo. Ya danna kiran a tasa wayar, ya sa mata a tafin hannu.

Fuskar Auta ta fito tar, da hular asibiti, ana tura gadonta a wani dogon baranda.

“Ga ni, Auta. Kalle ni. Ga ni nan, ba inda za ni. Share hawayen, ke da kike ba wasu haƙuri a wurin nan kullum.”

Auta ta yi dariya cikin kuka. Suka kalli juna har aka kai bakin wata ƙofa, mijin ya karɓi wayar. Daga nan sai jira. Shayi ya huce a buta, Injiniya yana durƙushe a kan tabarma inda ya faɗi tun shigowarsa. Da wayar ta sake ƙara, wata 'yar jaririya jajir ce ta cika gilashin, ta dunƙule hannu tana tsala ihu, uwar kuma lafiya. Inna ta yi hamdala ta yi ta yi, hawaye na bin kumatunta. Sai a lokacin ya lura da tabarau a fuskarta, nata, mai ɗaurin zare a gefe.

Mataki na 9: Idan asiri ya tonu, ka tabbata kana zaune

Mutum mai hankali zai yi shiru a nan. Injiniya ya gyara murya.

“Inna, dama kamfanin ne suke wani babban gyara na ƙasa baki…”

Gwaggo Mai Ɗinki ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. “Ke kin ji! Nawa cewa ya yi tauraron ɗan'adam ne ya karkace. Ɗan nan, ka zaci wayar uwarka ce kaɗai? Duk tsofaffin layin nan ragowar hannun 'ya'yanmu muke riƙewa, kusan duk sa'o'in juna ne. Safiya ɗaya rubutun ya fito mana. Kafin a kira ka mun karanta shi a kan keken ɗinkina, har ƙarin bayanin.”

“To me ya sa…”

“Mun ce bari mu faɗa muku, mu ga wa zai fito da gaskiya. Sai muka ga abin mamaki, washegari kowa ɗanta ya zo da sassafe. Jibi ma ya zo. Nawa har silin ya gyara min. Muka ce a'a, wannan rubutu alheri ne, kowa ta kama bakinta.”

Ya juya wajen Inna. Tana shafa gilashin sabuwar wayar da gefen mayafi.

“Tabaraun a bayan madara ka sa,” in ji ta. “Nan kake ɓoye alewa tun kana ƙarami. Auta ma ta so aiko min da wata tun makon farko, na ce ta dakata, yayanta yana wani aiki a nan.” Ta ɗago ta dube shi. “Amma yau na ji tsoro, Babba. Da ba ka iso ba, ni da kai ba mu da abin da za mu ce wa yarinyar nan. Kai ka yi shiru don kada a yi maka dariya, ni na yi shiru don ina jin daɗin ganinka. Duka ba mu kyauta mata ba.”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ta yafe masa, yau ɗin nan zai je ya sayo mata sabuwa a kwali.

“Wannan ɗin fa?” Ta ɗaga tasa tana auna nauyinta. “Ita shekara nawa suka ce za su riƙa leƙo ta?”

Nan take Injiniyan cikinsa ya farfaɗo. “Bakwai, Inna. Wannan karon na karanta. A rubuce suka yi alkawari.”

“Madalla da su. Kai fa?”

Ya miƙa hannu zai karɓi wayarsa.

Inna ta ɗaga matashi ta tura sabuwar wayar ƙarƙashi, ta ɗauko tsohuwar ta sa masa a hannu. “Layin ya juya. Daga yau sabuwa a nan take sauka, in na gaji da ita ta gangaro muku. Riƙe wannan, ƙarfe ce.”

“Inna, hotunan tayil, da lambobin kwastomomi, duk suna cikin waccan.”

“To ai ka san gidan. Da safe ake samuna.”

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan darasi ya yi alkawarin sakamako, bai ce wane iri ba. Ba ruwansa da wayar da ta salwanta a ƙarƙashin matashi, ko sunan da ya zube a dangi, ko ƙanwar da ta samu abin tsokana na shekara ashirin, ko direban da har yanzu yake tambayar matsayinsa a sabon tsari. Duk wanda ya ɓoye tabarau, shi da Allahnsa. Wanda kuma zai sayi waya gobe, ya tambayi shekarun kulawarta kafin ya tambayi kyamara, ya kuma tuna hannun da za ta ƙare a ciki. Wannan shawarar ba ta cikin darasi, ta kuɓuce min ne.

Kwastomomin tayil kuma su daina buga min ƙofa da safe suna tambayar maƙwabcina. Zai iya kwashe lambobinsa ya sayi wata wayar tun tuni, kowa ya san haka, har shi. Yana can yana karɓar aron tasa, da kofi mai guntulallen hannu a gabansa, ana nuna masa jaririya. Tambayar da Inna ta yi masa har yau bai amsa ba, amma bai fasa zuwa ba.